Bitar ma'adanun takardun Benjamin Smith Barton: abin da ake samu daga Bauchi da abin da ya rage a Filadelfiya

Ɗalibin ilimin tsirrai ko na haɗa magunguna da ke son kwatanta yadda aka fara rubuta maganin gargajiya a wata ƙasa da yadda aka rubuta namu, da wuya ya yi nisa bai ci karo da Benjamin Smith Barton ba. Likita ne ɗan Amurka, an haife shi a Lancaster a 1766, ya rasu a 1815. Shi ya fitar da littafin koyar da ilimin tsirrai na farko a Amurka, Elements of Botany, a 1803. Kafin nan, a 1798, ya buga kashi na farko na Collections for an Essay Towards a Materia Medica of the United States, inda ya tattara ganyaye da saiwoyi da ɓawon itatuwan ƙasarsu da ake magani da su, wasu daga abin da 'yan asalin ƙasar suka sani tun kafin zuwan Turawa. Kashi na biyu ya biyo baya a 1804. Wanda ya san A Hausa Botanical Vocabulary na J. M. Dalziel, wanda shi ma likita ne da ya yi aiki a Arewa ya buga littafin a 1916, zai gane irin aikin nan take.

Tambayar ita ce, mutum yana zaune a Yelwa ko Gubi a Bauchi da kwamfuta da datar wata guda, iya ina zai kai? Amsarmu a taƙaice: littattafan da Barton ya buga kusan duk ana samunsu kyauta, wasiƙunsa da Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ma haka, amma takardunsa na rubutun hannu mafi yawansu suna cikin akwatuna a Filadelfiya, kuma sai da dabara ake taɓa su daga nesa.

Biodiversity Heritage Library

Nan ya kamata a fara. Haɗin gwiwa ne na ɗakunan karatun gidajen tarihin halittu da lambunan tsirrai, ba rajista, ba biya. Abin da ya fifita shi a kan sauran, ga mai ƙarancin data, abu uku ne. Za ka iya zaɓar shafukan da kake so kawai, a haɗa maka su cikin PDF a turo hanyar saukewa ta imel, maimakon ka jawo littafi mai shafi ɗari huɗu don shafi goma. Za ka iya sauke zallar rubutun da inji ya karanto daga hotunan shafukan, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan, ka yi bincikenka ba tare da intanet ba. Sannan a gefen kowane shafi ana jera sunayen kimiyya da aka gano a cikinsa, ka danna suna ya kai ka sauran littattafan da suka ambace shi. Tsarin da ya fi tsimi shi ne ka fara sauke rubutun, ka gano shafukan da ke da abin da kake nema, sannan ka nemi hotunan waɗannan shafukan kaɗai.

Amma fa rubutun injin nan ba abin dogaro ba ne, kuma dalilin a fili yake. Maɗaba'un wancan zamani, har zuwa farkon shekarun 1800, suna amfani da doguwar s mai kama da f a farko da tsakiyar kalma. Inji yana ganinta ya rubuta f. Idan ka nemi stramonium a littafin 1797 za a iya ce maka babu, alhali yana nan an karanta shi ftramonium. Haka species kan koma fpecies, disease ya koma difeafe. Maganin abin: ka nemi kalmar da siga biyu, ko ka nemi gutsurenta da babu s a ciki, kamar ramonium. Kuma kada ka taɓa kwafo jimla daga rubutun inji ka liƙa a aikinka. Ka buɗe hoton shafin ka kwafa da idonka.

Tarko na biyu ya fi wannan cin mutane. Barton biyu ne a fagen, kuma 'yan gida ɗaya. William P. C. Barton, wanda ya rayu daga 1786 zuwa 1856, ɗan ɗan'uwan Benjamin ne, likitan sojan ruwa, shi ya rubuta Vegetable Materia Medica of the United States a 1817 zuwa 1818, mai zane-zane masu launi. Sunan littafinsa ya yi kama da na baffansa ƙwarai, zanensa ya fi kyau, shi ya sa idan ka rubuta Barton da materia medica shi ne sau da yawa ke fara fitowa. A sunayen tsirrai, Barton shi kaɗai yana nufin Benjamin, ƙaramin kuwa ana rubuta shi W.P.C.Barton. Duk abin da aka fara bugawa bayan 1815 da sunan Barton, ka tsaya ka duba shafin farko. Ko Elements of Botany ɗin ma ba bugu ɗaya ba ne: akwai na Filadelfiya na 1803, akwai na Landan na 1804, akwai na baya da aka yi wa ƙari, lambobin shafukansu ba ɗaya ba. Ka rubuta shekara da garin bugu a littafin ajiyarka tun ranar farko.

Sai batun sunayen da suka canza. Barton ya yi magana a kan Cassia marilandica a matsayin maganin wankin ciki, yau sunanta Senna marilandica. Wannan canji ɗaya ne da wanda ya faɗa wa namu: filasko da rai-ɗore da tafasa duk a ƙarƙashin Cassia za ka same su a wurin Dalziel, yanzu kuwa Senna ne. Mai kwatanta marubutan biyu da bai san haka ba zai rasa dangantaka mai kyau a gabansa. Haka tsiron da Barton ya raɗa wa sunan Jefferson, Jeffersonia binata, yanzu Jeffersonia diphylla ake ce masa. Kowane tsohon suna ka shigar da shi a Plants of the World Online na lambun Kew, zai ba ka sunan da aka amince da shi yau. IPNI kuma, wato kundin sunayen tsirrai na duniya, yakan nuna inda aka fara buga sunan, sau da yawa da mahaɗin da zai mai da kai kan shafin a Biodiversity Heritage Library. Ka yi tebur mai gida uku: sunan da ke littafin, sunan yanzu, lambar shafi.

Internet Archive yana ɗauke da yawancin waɗannan littattafai, kuma yana bari a sauke cikakken littafi. HathiTrust yana da kyau wajen karatu a kan allo, amma littattafai da yawa ba ya bari a sauke su gaba ɗaya sai ga membobin jami'o'in da ke cikin ƙawancensa, saura sai shafi-shafi. Ga mu nan, na ƙarshe ne a layi.

Ɓangaren likitanci

Ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka, National Library of Medicine, yana da tarin da ya kira Medicine in the Americas, kyauta shi ma, hotunansa tsaf. A nan ne ake samun abin da mutane da yawa ke tsallakewa: kundayen kammala karatu na ɗaliban likitanci na Jami'ar Pennsylvania, inda Barton ya koyar da ilimin tsirrai tun 1789, daga baya ya haɗa da ilimin magunguna, har ya gaji kujerar farfesan likitanci Benjamin Rush a 1813. Ɗaliban lokacin kan ɗauki tsiro ɗaya su yi gwaji a kansa su buga sakamakon. Thomas Horsfield, wanda daga baya ya yi suna da binciken tsirran tsibirin Jaba, a 1798 ya rubuta nasa a kan Rhus vernix da Rhus radicans da Rhus glabrum. Samuel Cooper a 1797 ya rubuta a kan Datura stramonium, ɗan'uwan zaƙamin da muka sani. Ƙananan littattafai ne, ba sa cin data, kuma a cikinsu ne ake ganin yadda ake gwada magani a aikace, abin da babban malamin kan taƙaita cikin jimla biyu.

Inda ake yin kuskure mai haɗari shi ne awo. Ba giram suke amfani da shi ba. Ƙaramin awonsu grain, kimanin miligiram 65. Guda 20 nasa su ne scruple, guda 60 su ne drachm, wato kusan giram 3.9, guda 480 kuma oza ta masu haɗa magani, kusan giram 31. Alamar drachm ita ce ʒ, ta oza kuwa ℥, sun yi kama da juna, kuma inji yakan karanta su duka a matsayin lamba 3. Adadi da lambobin Rumawa ake rubuta shi bayan alamar, i na ƙarshe ya zama j, ss kuma rabi ne. Saboda haka ʒij na nufin drachm biyu, ba 3 da wani abu ba. Kuskure tsakanin alamomin nan biyu ninki takwas ne. Ka ƙara girman hoton har sai ka ga ko alamar tana da ƙarin lanƙwasa a sama. Ba sai an faɗa ba, waɗannan awo na tarihi ne, ba na gwadawa a jikin mutum ba, balle a kan irin su zaƙami.

Founders Online

Wannan shi ne mafi sauƙin amfani a duk cikinsu, kuma ko siginar waya ta yi rauni yana buɗewa, domin zallar rubutu ne. Hukumar adana takardu ta ƙasar Amurka ta buɗe shi a 2013, ya ƙunshi wasiƙun su Washington da Franklin da Adams da Jefferson da Madison da Hamilton, masana sun kwafe su sun yi musu bayani a ƙasa. Kada ka rubuta Barton kawai a akwatin nema, domin yayansa William Barton, wanda ya taimaka wajen zana hatimin ƙasar, shi ma yana da wasiƙu a ciki. Ka yi amfani da matatar marubuci da ta mai karɓa, ka zaɓi cikakken sunan Benjamin Smith.

Wasiƙa biyu sun isa su nuna darajar shafin. Ta 27 ga Fabrairu 1803, Jefferson yana shugaban ƙasa, ya sanar da Barton shirin tura Meriwether Lewis yamma ta kogin Missouri, ya roƙe shi ya nuna masa abubuwan da suka fi cancanta a lura da su na tsirrai da dabbobi da al'ummun da zai tarar. Lewis ya je Filadelfiya ya koyi yadda ake busar da tsiro a yi masa alama, ya kuma tafi da Elements of Botany cikin kayansa. Ta biyu ta 21 ga Satumba 1809 ce, inda Jefferson ke ba Barton labarin jerin kalmomin harsunan 'yan asalin Amurka da ya kwashe shekaru yana tarawa: an sace akwatin a hanyar kogin James, ɓarawon ya buɗe bai ga abin da zai amfane shi ba, ya watsa takardun cikin ruwa. Mai nazarin harshe ya lura, Barton ma ya buga littafi a kan asalin waɗannan al'ummu a 1797, da kwatanta kalmomi ya kafa hujjarsa.

Ka saba da karanta layin da ke ƙasan kowace wasiƙa, domin taswira ce. RC na nufin kwafin da ya isa hannun wanda aka aika wa. PrC kwafi ne da aka danne da injin matsi, PoC kuma wanda na'urar alƙalami biyu ta Jefferson ta rubuta lokaci guda da asalin. Haruffan da ke biye suna faɗin inda takardar take: DLC ɗakin karatun majalisar dokoki ne, PPAmP shi ne American Philosophical Society, ƙungiyar masana da ke Filadelfiya, PHi kuma Historical Society of Pennsylvania. Iyakar shafin dai a fili take. Sai wasiƙar da ta shiga ko ta fita daga hannun waɗannan shugabanni. Abin da ya gudana tsakanin Barton da masanin tsirrai William Bartram, ko da masanan Turai, ba ya nan.

Batun digirinsa

Wannan wuri ne da tsofaffin littattafan tarihin rayuwa, waɗanda suka fi sauƙin samu kyauta, za su kai ka su baro. Da yawansu sun ce Barton ya sami digirin likita a Gottingen ta Jamus. Ya dai yi karatu a Edinbura daga 1786, ya bar garin ba tare da digiri ba, ya dawo gida ya kama koyarwa. Takardar digirin da ya samu daga Jami'ar Kiel ce, wadda ke Jamus a yau, a 1796. Whitfield Bell ya warware wannan a maƙalarsa ta 1971 a Journal of the History of Medicine and Allied Sciences. Cikakken tarihin rayuwarsa kuwa shi ne na Joseph da Nesta Ewan, wanda lambun tsirrai na Missouri ya buga a 2007. Idan sashenku zai sayi littafi ɗaya a kan wannan batu, to shi ne. Don tsofaffin maƙalu, ka tambayi ma'aikacin ɗakin karatun jami'arku ko suna da hanyar shiga JSTOR, rumbun maƙalun ilimi na intanet. In babu, buɗe asusun kai kyauta ne, kuma yana ba da damar karanta adadi na maƙalu a kan allo kowane wata, ba tare da saukewa ba.

Rubutun hannu

A nan gizo ke saƙa. Babban tarin yana American Philosophical Society, ƙungiyar da Franklin ya kafa a 1743, wadda Barton ya yi wa mataimakin shugaba. Sunansa Violetta Delafield-Benjamin Smith Barton Collection, lambarsa Mss.B.B284d. Takardun sun daɗe a wani gida a jihar New York ta hanyar ɗansa Thomas Pennant Barton, sai a 1970 suka koma Filadelfiya. Wannan yana da amfani a sani: duk marubucin da ya rigayi wannan shekara, da wuya a ce ya ga mafi yawansu. A ciki akwai wasiƙu, da littattafan tafiya, da tarin guntayen takardu na bayanan da yake rubutawa kan tsirrai da cututtuka da harsuna, da zane-zane, har da na William Bartram da zanen ƙwarangwal ɗin maciji mai ƙararrawa da ake danganta wa Benjamin Henry Latrobe. Wani tarin dabam yana Historical Society of Pennsylvania. Littattafan da ɗalibai suka rubuta darussansa a aji sun warwatsu a wurare, ciki har da College of Physicians of Philadelphia. ArchiveGrid shi ne wurin gano wa ke riƙe da me.

Abin da ke intanet kyauta daga babban tarin American Philosophical Society shi ne jagorar tarin, wato jerin abin da ke ciki, da wani kaso na hotuna a ɗakin karatunsu na intanet, inda zane-zane suka fi samun gata. Ganin sunan wasiƙa a jagora ba ya nufin an ɗauki hotonta. Wanda ya taɓa neman fayil ɗin Bauprof, wato takardun tsohon lardin Bauchi, a gidan adana takardu na Kaduna ya san ƙa'idar: mai lamba a hannu shi ake sallama da wuri. Saboda haka kada ka aika imel ka ce a turo maka duk abin da ya shafi Barton da magani. Ka karanta jagorar daga farko zuwa ƙarshe, ka ware abubuwa uku zuwa biyar, ka rubuta lambar tarin, da sashe, da sunan wanda ya aiko wasiƙar, da kwanan wata. Ka faɗi ko kai wane ne, da jami'arka, da abin da za ka yi da su. Ka tambayi abu uku: ko an riga an ɗauki hoton, shafi nawa ne, nawa ne kuɗin. Ka kuma ce hoton karatu kake so, ba na bugawa a littafi ba, domin na biyun ya fi tsada kuma yana tafe da batun izini. Kuɗin da dala ake biya, don haka ka tabbatar katinka yana biyan ƙasashen waje kafin ka sa su aiki. Agogon Filadelfiya yana bayan namu da awa biyar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa shida sauran watannin, wato saƙon da ka tura da hantsi ba wanda zai gani sai bayan azahar.

Ka yi hattara da kwanan wata. A jagororin Amurka wata ake fara rubutawa, 3/4/1803 huɗu ga Maris ne, ba uku ga Afrilu ba. A cikin wasiƙun kansu, inst. na nufin wannan watan, ult. watan da ya wuce, 7ber kuma Satumba ne, ba Yuli ba. Kuskure ɗaya a nan yana juya jerin wa ya fara rubuta wa wa.

Ga mai digiri na uku da aikinsa ya dogara kacokan a kan waɗannan takardu, American Philosophical Society tana ba da tallafin zama na gajeren lokaci a ɗakin karatunta, kuma ba 'yan Amurka kaɗai ke nema ba. Mai digiri na biyu kuwa, shawararmu ya gina aikinsa a kan abin da aka buga, ya ɗauki rubutun hannu a matsayin ƙari.

Busassun tsirrai

Tarin busassun tsirran Barton mallakar American Philosophical Society ne, amma yana ajiye a Academy of Natural Sciences ta Jami'ar Drexel, wadda lambar ma'ajiyarta PH ce. A can ne kuma samfura sama da 200 na tafiyar Lewis da abokin tafiyarsa William Clark suke. Da wannan lamba ta PH za ka tace bincike a GBIF, rumbun bayanan samfuran halittu na duniya, kyauta. JSTOR Global Plants yana da hotuna masu kyau na samfuran da aka kafa sunaye a kansu, sai dai cikakken girman hoton yana buƙatar rajistar jami'a.

Kasancewar takarda a tarin Barton ba ya nufin shi ya tsinko tsiron. Mutum ne mai yawan rashin lafiya da yawan ayyukan da ya fara bai ƙarasa ba, ya kan ɗauki matasa aiki su shiga daji a madadinsa. Frederick Pursh, Bajamushe, shi ya tara kaso mai yawa na tarin a tafiye-tafiyen 1806 da 1807, Thomas Nuttall kuma Barton ya tura shi yamma a 1810. Kundin tarihin halittu na tafiyar Lewis da Clark da aka sa ran Barton zai rubuta, har ya rasu bai fito ba. Pursh ne ya tafi Landan da wasu samfuran ya bayyana su a Flora Americae Septentrionalis, wanda shafinsa na farko ke ɗauke da 1814 amma ya fito a ƙarshen 1813. Irin wannan saɓanin shekara a Taxonomic Literature na Stafleu da Cowan ake tantance shi, shi ma yana Biodiversity Heritage Library. Idan ka buɗe hoton samfuri, ka ƙara girman ƙaramar takardar da ke manne a gindinsa, ka duba rubutun hannun da wurin da aka tsinko shi da shekarar, ka kwatanta da inda Barton yake a wannan shekara kafin ka rubuta cewa shi ya tara.